Lamba Ba Ta Son Jini

Litinin, 7 ga Maris 1955, bayan La'asar. Ikara.

Malam Iliyasu, malamin asibitin da ke koya mana, ya raba mana littafi da fensir don rubuta darasi. Darasi yana gaba, ni kuma na juyo bayan littafin ina rubuta nawa, tunda a garin nan ba ni da wanda zan cika da surutu, wanzami kuwa in bai yi surutu ba ciwo yake yi. Bokon da na koya a ajin Yaƙi da Jahilci yau ga ranarsa, ko da yake rubutun nawa kamar kaji sun bi ta kan rairayi.

Ni ne Uwaisu wanzami, mutumin Kurmin Kogi. Dagacinmu ne ya ba da sunana da Hakimi ya ce ana son mutum daga kowane yanki a koya masa yin lamba, wato 'yar alamar nan ta dantse da ke tsare mutum daga ciwon da ba a son kiran sunansa. En'e, wato hukumar gargajiya, ita ce ta ɗauki nauyin komai, abinci da wurin kwana, har da akwatin ƙarfe na kayan aiki da za a ba kowa in ya gama. Tun da nake ban taɓa jin an ciyar da mutum don kawai ya koyi abu ba. Ni a wajen ubana na koyi aska, ladana kuwa rankwashi. Allah ya saka wa wanda ya kawo wannan shawara da alheri.

Ba mu da yawa. Akwai Tukur, Bafillace daga rugar da ke bayan Nasarawan Doya a ƙasar Makarfi, an ɗauko shi ne don Fulani ba sa yarda su miƙa wa Kaɗo, wato wanda ba Bafillace ba, hannun 'ya'yansu. Akwai Ja'afaru na Kudan, wanda bakinsa ya fi askata kaifi. Akwai wani Bamaguje shiru-shiru da za a mayar wa danginsa. Malam ya ce dabarar ke nan, kowa ya koma wa mutanensa da fuskar da suka sani.

Tuwon gidan da aka sauke mu bai kai na Fatsuma matata ba, amma akwai nama. Alhamdu lillahi.

Talata, 8 ga Maris, bayan Azahar.

Yau Malam ya kira sunan ciwon ƙiri-ƙiri da rana tsaka. Agana. Na rubuta shi ke nan, ba zan sake ba. A garinmu ado muke ce masa, don kada ya ji an ambace shi ya waiwayo. Ja'afaru ya yi a'uziyya a fili, Tukur ya kau da kai. Malam ya yi murmushi ya ce ciwon ba shi da kunne, ta numfashi da cuɗanya yake bi.

Ya nuna mana ruwan lamba a cikin 'yar kwalba siririya kamar tsinken tsintsiya. Ba ya son rana, ba ya son zafi, a jiƙaƙƙen tsumma ake naɗe shi a ajiye gindin randa. Sai ya sa aka kawo ɗanyar gwanda, ya ce kowa ya karci bawonta da 'yar wuƙar lamba, amma kada farin ruwanta ya fito. Wanda ya fitar da ruwan gwanda, wai ya fitar da jinin yaro ke nan.

Tukur, mutumin da sanda kawai ya sani, ya yi nasa lafiya lau. Ni da na gaji aska kaka da kakanni, ina taɓawa sai gwanda ta hau hawaye. Ja'afaru ya raɗa mini Sarkin Fawa, kowa ya yi dariya har da Bamagujen nan da ba ya magana. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Malam ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam Uwaisu, lamba ba ta son jini. Karce za ka yi, ba tsaga ba."

Na ce to. Amma a raina na ce wannan tsoron jini ne irin na Turawa. Mu da muke ƙaho da tsaga mun san sai baƙin jini ya fita sannan lafiya take shiga. Magani ta ina zai bi in ba a buɗe masa ƙofa ba? Ban tambaya ba, don kada Ja'afaru ya sami abin ƙarawa.

Alhamis, 10 ga Maris, da hantsi.

An ce ciwon ya ɓulla a garin Saulawa. Malam ya ba kowannenmu 'yar kwalba ya kai gida gobe ya yi wa iyalinsa. Dubi wannan karamci, ba mu ma gama koyo ba an fara da namu.

Juma'a, 11 ga Maris, kafin Magariba. Gida.

Fatsuma tana da tata lambar tun tana yarinya, an tare su a kasuwa an yi musu. Inna, mahaifiyata, ba ta bukata, don ado ya riga ya bi ta kanta tun ba a haife ni ba, ga zanensa nan ya cika mata fuska, ya kuma tafi mata da ƙanne. Saura Hajo. Hajo kuwa ita kaɗai gare mu, waɗanda suka riga ta ba su zauna ba. Bana take cika shekara huɗu.

Na zaunar da ita a inuwar zaure, na ɗiga ruwan a dantsenta, na karta a hankali yadda aka ce. Inna tana tsaye a kaina. Ta leƙa ta ce mene ne wannan na yi, ko ƙuda ya fi haka aiki, wai abin da aka tara mu a Ikara ana ciyar da mu muka koyo ke nan? Ta ce da ubana yana da rai da ya karɓe wuƙar. To, ni ma dama abin da ke raina ke nan. Na danna hannu na yi tsaga mai kyau, irin ta gidanmu, jini ya zubo har gwiwar hannu. Hajo ta tsala ihu, Inna ta ce yauwa, mugun abu ya fita. Ta kawo ruwan ɗumi ta wanke, ta matsa lemon tsami ta shafa toka kamar yadda muke yi wa kowace tsaga.

Hajo ta yi fushi da ni har sai da na saya mata alewa. Hankalina ya kwanta, 'yata ta sami tsari. Alhamdu lillahi.

Talata, 15 ga Maris, bayan La'asar. Ikara.

Yau an koya mana dafa wuƙa a tafasasshen ruwa tsakanin mutum da mutum. Ni da aska ɗaya nake yi wa unguwa guda aski, in goge a tafin hannu in ci gaba. Wannan kam na karɓa hannu biyu. Malam ya ce waɗanda suka yi ƙoƙari ana iya tura su makarantar tsabta a Kano su ƙaro ilmi, En'e ce za ta biya. Ja'afaru ya ce ni mahauta za a tura ni. Allah ya shirye shi.

Juma'a, 18 ga Maris, bayan sallar Juma'a. Gida.

Tabarkalla! Hannun Hajo ya warke sumul, ko kumburi bai yi ba, sai ɗan siririn layi. Inna ta zagaya da ita gida-gida tana nunawa, tana cewa a Ikara an ce hannuwan yara suna ruɓewa da lamba, amma ga aikin ɗan gado. Na ji daɗi har cikin raina.

Lantana, 'yar maƙwabcinmu Sa'idu maƙeri, ba ta jin daɗi, zazzaɓin bazara ne. Ita ce ƙawar Hajo, ba sa rabuwa. Hajo ta wuni a ɗakinsu tana yi mata wasa da 'yar tsana, da ƙyar Fatsuma ta janyo ta cin abinci.

Litinin, 21 ga Maris, bayan Azahar. Ikara.

Bari in rubuta yadda aka yi.

Malam ya tara yaran da aka yi wa lamba a makon jiya, ya ce yau darasin duba lamba ne. Kowane yaro dantsensa ya kumbura ya yi ja, ga ƙurji ya tara ruwa a tsakiya, abin ƙyama. Malam kuwa sai murna yake yi, yana cewa madalla, madalla. Ni da shegen bakina na miƙe na ce a gafarce ni, ta 'yata ba ta yi wannan ƙazanta ba, ta warke tas ko tabo babu. Na faɗa ina duban Ja'afaru, don ya san wanzami wanzami ne.

Ja'afaru bai yi dariya ba. Malam ya ajiye hannun yaron da yake riƙe da shi, ya tambaye ni ko jini ya fita. Na ce ya fita. Ya ce da yawa? Na ce irin na tsaga. Ya ce an wanke? Na ce an wanke, an sa lemon tsami da toka.

Sai ya yi bayani a hankali, ba faɗa. Wai ruwan lamba abu ne mai rai, a saman fata yake zama ya kama, jini yana wanke shi, lemon tsami kuma yana kashe shi. Wannan ƙurjin da nake ƙyama shi ne tsarin. In babu ƙurji, babu tsari.

Na ce, "To Malam, ita Hajo fa?"

Ya ce, "Kamar ba a taɓa ta ba."

Lantana ce ta faɗo mini a rai, da 'yar tsanar nan. Na gaya masa. Ya ce in ɗauki kekensa gobe da sassafe in je in raba su. Na ce ya ba ni wata kwalbar. Ya ce babu, duk an kwashe an kai Saulawa, ana jiran motar Zariya.

Talata, 22 ga Maris, kafin Magariba. Gida.

Ba zazzaɓin bazara ba ne, ado ne ya kama Lantana. Mai unguwa ya sa an yi bukka a bayan gari, an kai Lantana da uwarta can da safen nan. Fatsuma ta ce har jiya Hajo tana ɗakin.

Na yi wa Inna magana da muryar da ban taɓa yi mata ba. Ta dube ni ta ce ita abin da ta sani ta yi, da shi ta raine ni har na kai ga ɗaga mata murya. Ta shige ɗaki. Gaskiyarta ne, ita ba a tara ta a Ikara an gaya mata ba. Ni aka gaya wa, da kunnena na ji. Na je na durƙusa a bakin ƙofarta na ba ta haƙuri, ba ta fito ba.

Hajo tana ta tsalle-tsallenta a tsakar gida. Ta ce in duba hannunta ya warke.

Laraba, 23 ga Maris, da Azahar. Ikara.

Mota ba ta zo ba.

Laraba, bayan La'asar.

Na zaci Malam zai kore ni. Na ma naɗe tabarmata. Ya ce ina zan je, ai yanzu ne na fara koyo. Ya nemi izinina ya riƙa ba da labarina ga 'yan koyo na gaba ba tare da suna ba, don ya ce duk wanzamin da za a kawo haka zai yi, kuma shi ma ya kamata tun ranar gwanda ya faɗi dalili, ba doka kawai ba. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ya ce in aka sake yi wa Hajo da wuri, lamba tana iya riga ciwon kamawa ko da ya riga ya shiga jiki. Da wuri. Ya maimaita kalmar.

Ja'afaru ya kawo mini gwanda ya ajiye ya tafi. Na zauna ina karta har hannuna ya gaji. Tana ta hawaye.

Alhamis, 24 ga Maris, bayan La'asar.

Allah mai iko. Da safe labari ya zo cewa motar ta lalace a Makarfi, kayan suna can, sai an gyara. Kafin in buɗe baki Tukur ya ce wa Malam ƙasarsu ce, ya san hanyar shanu da ta yanke, a ba shi keke da izini. Ya tafi.

Ya dawo ana kiran La'asar, kansa ba ko hula a wannan rana mai ƙuna, leɓɓansa sun bushe. Ashe rawaninsa ya kwance ya naɗe kwalaben a ciki, ya cusa a cikin goran nono, duk rijiyar da ya tarar sai ya tsaya ya jiƙa. Malam ya taɓa ya ce da sanyinsu. Na kama hannun Tukur na riƙe gam. Ya ce in sake shi, Kaɗo, in ba shi ruwa tukuna.

Na roƙi Malam ya zo ya yi wa Hajo da hannunsa. Ya ce shi Saulawa za shi, can mutane sun fi bukatarsa, kuma in ban yi wannan ba ba zan ƙara iya riƙe wuƙar lamba ba har abada. Tukur ya ce zai raka ni.

Na sake ɗaukar gwanda kafin rana ta faɗi. Na karta, na jira. Ba ta yi hawaye ba. Na sake, ba ta yi ba.

Juma'a, 25 ga Maris, da hantsi. Gida.

An yi.

Tukur ya riƙe Hajo a cinyarsa yana yi mata kukan ɗan maraƙi don ta yi dariya. Na zaɓi ɗaya hannun. Na yi bisimilla, na ɗiga, na karta kamar mai tsoron tada barci. Fatar ta yi ɗan ja kawai. Duk jikina yana ce mini ban yi komai ba, hannuna yana son ya danna, na cije.

Inna ta fito ta tsaya a inda ta tsaya ran nan. Na ga bakinta ya motsa. Sai ta mayar da hannuwanta baya ta harɗe. Da aka gama ta tambayi Tukur, ba ni ba, me ake yi yanzu. Ya ce mata a bar shi ya bushe a inuwa, kada ruwa, kada toka, kada kowa ya taɓa. Ta ɗauki Hajo ta zaunar a gabanta a zaure. Da Fatsuma ta zo da tsumma za ta share wa yarinyar gumi, Inna ta daka mata tsawar da har kaji suka watse.

Malam ya ce in zauna a gida in yi wa mutanen Kurmin Kogi, wai shi ma cikin koyon ne, zai zo ya duba aikina. Na san don Hajo ya yi. Allah ya saka masa.

Asabar, 26 ga Maris, bayan Asuba.

Babu komai a hannun tukuna. An ce dama ba ya fitowa da wuri.

Lahadi, 27 ga Maris, bayan Asuba.

Babu komai.

Litinin, 28 ga Maris, bayan Azahar.

Mun je bayan gari da Sa'idu da liman, mun binne Lantana, mun dawo. Ba mu da yawa, mutane suna tsoro. Allah ya ba su haƙuri.

Hajo ta tambayi Fatsuma yaushe za ta kai wa Lantana 'yar tsanarta. Fatsuma ta ce tuwo yana ƙonewa, ta tashi.

Talata, 29 ga Maris, bayan La'asar.

Da safe na ga ɗan ja ya taso a dantsen Hajo kamar cizon sauro. Na kira Inna ta duba, ta ce ita ma ta gani. Maganar farko ke nan da ta yi mini tun ran nan.

Mutanen da a da suke ɓoye 'ya'yansu a rumbu in sun ji mai lamba, yau sun cika ƙofar gidanmu. Na dafa wuƙa, na yi wa kowa a hankali, ba jini. Wasu matan suna gunaguni wai Uwaisu ya je Ikara an kashe masa hannu. Inna ta kafa kujera a bakin zaure, duk wadda za ta fita sai ta kwance mata bakin zani ta duba. Lemon tsamin da ta ƙwace ya cika ƙwarya. Tana ce musu ita ta fara wannan wautar, ba wadda za ta maimaita ta a gabanta. Ban san lokacin da na yi dariya ba, rabona da dariya na manta.

Alhamis, 31 ga Maris, da hantsi.

Malam Iliyasu ya biyo daga Saulawa, ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya duba waɗanda na yi wa, ya ce aiki ya yi kyau. Sannan ya duba Hajo. Ƙurjin ya tara ruwa, tsakiyarsa ta loɓa. Ya ce ta kama.

Na fara hamdala, sai ya ɗaga hannu. Ya ce ta kama kam, amma ko ta riga ciwon, wannan sai nan gaba. Za ta yi zazzaɓi, lamba tana sa zazzaɓi, shi ma ɗayan da zazzaɓi yake farawa, ba a bambance su da ido. Ya ce fuska zan riƙa dubawa, goshi da cikin baki, don a nan yake fara fitowa.

Na gode masa da bai rufe ni ba.

Juma'a, 1 ga Afrilu, kafin Magariba.

Jikin Hajo ya yi zafi. Ta ƙi cin abinci, har alewa ta ƙi.

Asabar, 2 ga Afrilu, bayan Asuba.

Zafi kamar garwashi. Kaluluwa ta fito mata a hammata, Malam dama ya ce wannan ta lamba ce. Ta ce kanta yana ciwo. Na tambaye ta bayanta fa, don Inna ta ce ɗayan da ciwon baya yake zuwa. Ta ce e, sannan ta ce a'a. Yarinya ce, duk abin da ka tambaya e za ta ce.

Na fito da ita haske na duba goshi, na sa ta buɗe baki. Fuskarta lafiya.

Asabar, bayan La'asar.

Na yi wa mutane lamba yau ma, ban san fuskar ko ɗaya ba. Sa'idu ya kawo ƙaramin ɗansa da kansa, ya miƙo mini hannun yaron. Da zai tafi ya ce yaya mai jiki, Allah ya ba ta lafiya. Mutumin da ya kamata ni in yi masa wannan addu'a tun da wuri. Na shiga zaure na daɗe ban fito ba.

Fuskarta lafiya.

Lahadi, 3 ga Afrilu, bayan Asuba.

Fuskarta lafiya. Hannun ya kumbura har kafaɗa.

Litinin, 4 ga Afrilu, da hantsi.

Zazzaɓi ya sauka, ta sha kunu. Fatsuma ta fara guɗa, Inna ta rufe mata baki. Ta ce haka ya yi mata tana yarinya, haka ya yi wa ƙannenta, zafin yakan sauka a ce an warke, kashegari a wayi gari ya feso. Ta ce a jira.

Da ma ba ta faɗa ba. A'a, gara da ta faɗa.

Tukur ya aiko da nono daga Ikara, Ja'afaru ya aiko da saƙon baki wai a gaida Sarkin Fawa, an ajiye masa wurinsa a aji. Mutanen nan wata guda da ya wuce ban san su ba.

Talata, 5 ga Afrilu, bayan Asuba.

Na ga wani ɗan ɗigo a gefen goshinta, na ƙwala wa Fatsuma kira. Fatsuma ta sa yatsa ta goge. Kunu ne.

Fuskarta lafiya.

Laraba, 6 ga Afrilu, bayan Asuba.

Fuskarta lafiya. Ta kori akuya daga kan tabarma, ta nemi alewar da ta ƙi.

Juma'a, 8 ga Afrilu, bayan sallar Juma'a.

Malam ya zo jiya da yamma, ya duba goshi da baki da tafin hannu da tafin ƙafa, ya daɗe yana dubawa. Ya ce lokacin tsoro ya wuce, lamba ta riga shi. Ya ce in koma Ikara ranar Litinin in ƙarasa, akwatina yana jira na, kuma maganar Kano tana nan in ina so. Na so in yi masa godiya mai tsawo irin ta wanzamai, sai kuka ya ƙwace mini a gaban mata. Ya yi kamar bai gani ba, ya hau kekensa.

Ubana yakan yi alfahari cewa tsagarsa ba ta barin tabo, ni ma da wannan nake taƙama a kasuwanni. Yau ga dantsen 'yata da wani baƙin ɓawo kamar ƙonannen ƙosai, in ya faɗi zai bar rami, da shi za ta girma, da shi za ta tsufa in Allah ya yarda. Ban taɓa yin aiki mai muni irinsa ba, kuma ban taɓa gode wa Allah a kan wani aikin hannuna kamarsa ba.

Da muka dawo daga masallaci na tarar da Inna a zaure, Hajo tana barci a cinyarta. Ba ta ji shigowata ba. Ta shafa tata fuskar, duk ramukan nan, sannan ta shafa kumatun Hajo da bayan hannu a hankali, ta sake shafawa. Da ta ɗago ta gan ni, sai ta nuna mini dantsen da haɓa.

Ta ce, "Guda ɗaya tak, Uwaisu. Kuma a inda riga za ta rufe."

Alhamdu lillahi.